Madacin Kan Iyaka

A Tungar Marke aka yi abin da har yau tsofaffin garin ba sa son a tayar da zancensa: itace ya faɗi, inuwarsa ta ƙi faɗuwa.

Ga yadda abin ya faro. Wani mutum mai suna Jatau ya rasu ya bar wa 'ya'yansa biyu kurmi a bayan gari, Barau babba da Makau ƙaninsa. Da aka zo rabo, Barau ya sami gabas inda ƙasa ke da laima, Makau ya sami yamma inda tsakuwa ta fi ƙasa yawa. A kan iyakar kuwa akwai wani ƙaton madaci wanda maza ke haɗa hannu su kasa kewaye shi. Al'adar garin ita ce, itacen iyaka muddin yana tsaye ba na kowa ba ne, ba mai sa masa gatari. Amma ranar da Allah ya kayar da shi, to na wanda ya faɗi a gefensa ne, tun daga saiwa har ganye.

Makau bai taɓa yafe rabon nan ba. A bakin kasuwa mutum ne mai fara'a, shi ne "Yaya, ina kwana," shi ne "Yaya, a sauka lafiya," amma a ciki tafasa yake yi. Duk sanda masassaƙa suka wuce suka ɗaga kai suka ce madacin nan zai yi wa gari guda ƙyamare da turame, sai ya kwana yana juyi. Ya kuma san abin da kowa ya sani, cewa hadari daga gabas yake tasowa. Saboda haka wata ranar kasuwa, gari ya watse, ya saɓi gatari da dagi ya tafi. Ya tone gindin madacin ta gabas, ya sassare manyan saiwoyin da ke riƙe da shi ta can, ya mayar da ƙasa, ya baje busassun ganye a kai. Wata tsohuwa ta gamu da shi yana dawowa da ƙasa a gwiwa, ya ce mata saiwar maganin shawara ya je nema. Har addu'ar samun sauƙi ta yi masa, shi kuwa ya amsa da amin.

Abin da wayonsa bai hango masa ba shi ne matarsa, Tsahara. Ita ce ta mayar da tsakuwar yamma kurmi. Ita ke tsinto 'ya'yan marke da ƙirya da darbejiya ta shuka a fasassun tukwane, ita ke jido ruwa da tulu tun daga rafi duk rani, har gashin tsakiyar kanta ya ƙare. Kuma a inuwar madacin nan take jera tukwanen dashenta, ta gefen yamma. Makau ya san da haka. Ya dai ce a ransa, wa zai je gindin itace hadari na tasowa?

Ranar da hadarin fari ya haɗo, gabas ta yi baƙi ƙirin tun hantsi. Tsahara ta sauke tukunya, ta ɗaura ɗankwali, ta ce, "Maigida, bari in je in kwashe dashen nan kada iska ta kife mini su."

Makau ya buɗe baki. Kalma ɗaya ta isa ta hana ta. Amma in ya ce kada ta je, za ta ce don me, shi kuwa don me ɗin nan ce ba shi da amsarta. Sai ya ce, "To, yi sauri."

Ba ta daɗe da fita ba iska ta sauka. Ta kwashe jinka, ta kayar da darni, ta yi sama da kaji. Can sai aka ji wata ƙara daga bayan gari wadda ta girgiza ƙasa har randuna suka yi ɓari. Da ruwa ya ɗauke mutane suka fita, suka tarar madaci ya kwanta yamma, kamar yadda mai dabara ya tsara. Sai dai bai kwanta shi kaɗai ba. Ya bi ta kan marke da ƙirya ya kakkarya su, waɗannan suka faɗa wa na bayansu, na baya suka tumɓuke darbejiya. Wahalar Tsahara ta shekara da shekaru ta koma tarin rassa da ganye da matattun 'ya'yan tsuntsaye. Amya ta fashe, ƙudan zuma na ta yawo a haukace. Hanyar rafi ta toshe.

Aka shiga ɗaga rassa ana kiran sunanta. An ga fasassun tukwane, an ga gammonta, amma ba gawa, ba ɗigon jini. Wanda ya fi kowa aiki a ranar Barau ne. Hannunsa duk ya yayyage, yana sara yana hawaye. Da magariba ta yi ya dafa kafaɗar ƙaninsa ya ce, "Makau, itace naka ne, Allah ya ba ka. Da ma kurmin duka ya ɗauka ya bar mana Tsahara." Makau ya kasa duban idonsa.

Kashegari da rana tsaka aka ga abin al'ajabi. Madaci na kwance, amma inuwarsa na nan shimfiɗe a inda take kullum, baƙa, mai sanyi, har inuwar ganye na kaɗawa alhali ba ganye a sama. Wata akuya ta shiga cikinta neman sanyi, ta ɓace a idon jama'a. Mutane suka watse suna salati. Makau kaɗai ya tsaya, domin daga cikin inuwar ya ji wani ɗan tari da ya sani, tarin da matarsa ke yi in ta sha hayaƙi. Yana son matar nan, wannan ba ƙarya ba ne. Ya riƙe gatarinsa, ya rufe ido, ya taka.

Ƙasa ta buɗe masa. Ya yi ta gangarawa a kan wata saiwa mai faɗin hanya har ya dira a wani birni wanda samansa ƙasa ce. Duk saiwar itacen da ke duniya a nan take saukowa ta zama ginshiƙi, gidajen jan laka kuma na manne a tsakanin ginshiƙan, haske na fitowa daga ƙasa maimakon sama. Mutanen birnin gajeru ne, masu dogayen yatsu da faffaɗan idanu marasa ƙiftawa. Unguwa guda ta rushe. Laka ta malale lunguna, ana ta tono yara da tsofaffi, mata na kuka ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya kula shi sai wani dogon aljani mai gemu na siraran saiwoyi, riƙe da sanda ta farar ƙasa.

Aljanin ya ce, "Maraba da ɗan Adam, mai tafiya a kan rufinmu ba sallama. Ni ne Gundumau, Sarkin Rufin Birnin Saiwa. Me ya sauko da kai?"

Makau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, matata nake nema."

"Ɗaga kanka ka gan ta."

A tsakiyar dandali, a kan guntun saiwar madacin da ta tsinke, Tsahara na tsaye, hannayenta biyu a sama, tana tallabe da rufin birni. Gumi ya jiƙe mata zane. Da ta gan shi sai fuskarta ta washe, ta ce, "Maigida, ka zo? Na ce musu za ka zo. Akwai nauyi, amma ina iyawa. Tulu ne dai babba."

Gundumau ya ce, "Saurara ka ji dokarmu, ɗan Adam. Wanda ya kayar da ginshiƙi shi ke zama ginshiƙi. In ba a san shi ba, wanda aka tarar a inuwa shi ke riƙewa har a san shi. In kuwa wani ya ce ya ji ya gani zai karɓe ta, ba ma tambayarsa dalili, yanzu-yanzu ta sauke hannu ta koma gidanta. Amma ka sani, ƙasarmu ba ta barin abin da ya tsaya a kanta ya daɗe bai yi saiwa ba. Dubi ƙafarta."

Makau ya duba. Yatsun ƙafar Tsahara sun fara nutsewa, fatarsu ta yi kaushi ta tsattsage irin na ɓawon itace. Ga ƙofa an buɗe masa wadda ko asirinsa ba za ta tona ba, ya hau ya ce na karɓa, shi ke nan. Ya dubi rufin, ya dubi jijiyoyin wuyan matarsa da suka fito ruɗu-ruɗu. Tsoro ne ya kama shi, tsoro tsagwaronsa, amma nan take ya ɗinka masa riga ya sa masa suna neman gaskiya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mai laifi sananniya ce. Iskar Gabas ce ta kayar da shi, gari duka shaida ne. Don me za a bar ta tana yawo? Zan je in kawo ta."

Gundumau ya daɗe yana kallonsa da idanun nan marasa ƙiftawa. Ya ce, "Haka ka ce?"

"Haka duniya ta gani."

"To, bi ƙofar gabas. Ka haye Kogin Gara, ka ratsa Filin Kututturai, ka hau Dutsen Sheƙa. A can iskoki ke kwana."

Tsahara ta ce, "Je ka, Maigida, Allah ya tsare hanya. Kada ka damu da ni." Ya fita da sauri, don addu'ar nan ta fi zagi yi masa ciwo.

Ya yi ta tafiya har ya iske Kogin Gara. Ba ruwa a cikinsa, gara ce zalla ke gudana tana tumbatsa, ƙararta kamar ana soya gyaɗa. Ba gada, ba jirgi, domin duk itacen da aka kawo kafin a aje shi an cinye. A bakin gaɓa aka kwantar da Sarauniyar Gara, fara sol, jibgegiya, bayi na yi mata fifita.

Ta ce, "Wane ne wannan mai ƙanshin itace?"

"Baƙo ne, ranki ya daɗe, mai neman hayewa."

"Ba a haye mu da hannu wofi. Ba mu ƙotar gatarinka."

Ya zare ƙotar ya miƙa. Kafin ya ƙifta ido ta zama gari. Sarauniya ta ɗanɗana garin, sa'an nan ta ce, "Ƙotar nan ta sha ruwan saiwar madaci, kuma ba da daɗewa ba. 'Ya'yana sun je gindinsa tun kafin hadari, suka dawo suka ce mini an riga su. Mu gara muna cin abin da ya mutu ne, ba ma kashe mai rai. Koma, ɗan Adam. Ɓawo ya kai wa matarka gwiwa."

Makau ya sha jinin jikinsa, amma ya yi ta maza ya ce, "Na riga na ɗauko hanya, ranki ya daɗe."

"Hanya ba ta riƙe ƙafar kowa. Amma tun da ka biya, haye."

Gara ta dunƙule ta yi masa gada. Yana takawa suna cizo, kafin ya kai tsallake sun cinye masa takalmi da gefen riga, ya fita da ƙafafu jina-jina.

Daga nan ya shiga Filin Kututturai. Rana a can ƙasa-ƙasa take, ba ta fitowa ba ta faɗuwa, kuma ba inuwa ko ta tafin hannu. Duk itacen da aka taɓa sarewa a duniya, kututturensa a nan yake tashi. Suna tafiya a kan saiwoyinsu suna jan ƙasa, suna magana ta tsagar jikinsu. Suka ji warin ƙarfe a jikinsa, suka taso masa ta ko'ina.

Wani ya ce, "Kai ne ka sare ni ina cikin fure?"

Wani ya ce, "Kai ne ka sare ni da sheƙar kurciya a kaina?"

Suka matse shi har haƙarƙarinsa ya fara ƙara. Ya ciro ruwan gatarin daga aljihu ya jefar, suka bi shi suka tattake har ya nutse. Sa'an nan babbansu, wani tsohon kututturen ɗorawa da wuta ta ci rabinsa, ya matso ya ce, "Ya kai mai ƙafa biyu, mu masu ba da inuwa ne a da, yau mu ke bara. Kana tafe da inuwa kai kaɗai a ƙasar da ba ta da ita. Ba mu ita, mu ba ka hanya."

"In na ba ku, ni fa?"

"Wanda ya raba birni da ginshiƙinsa ba zai rasa yadda zai yi da rana ba. Kada ka yi mamaki, saiwa da saiwa ba sa ɓoye wa juna labari. Ko kuwa ka juya da inuwarka, ba za mu tare ka ba. Ɓawo ya kai wa matarka ƙugu."

Ya tsaya. Wallahi ya tsaya, har ya juya fuska yamma. Ya tuna yadda take sauke tulu ta dafa ƙugun nan ta ce wash. Amma sai ya ce wa kansa, saura kaɗan, in na kawo Iska mu duka biyu mun tsira. Mutum in yana son ya yaudari kansa ba ya rasa lissafi mai daɗi. Ya ce su ɗauka. Suka kama inuwar ta wajen diddige suka ɓare ta daga jikinsa, ya yi ihu, suka ruga da ita suna turereniya a ƙarƙashinta. Ya ratsa sauran filin rana na dukan ƙoƙon kansa, leɓɓansa suka farfashe.

Dutsen Sheƙa tsayi gare shi, ba ciyawa, ba tsuntsu. Ya hau da rarrafe. A ƙoli ya tarar da wata tsohuwa zaune a kan tabarma, gabanta tsibin hatsi wanda ba ya ƙarewa, tana sheƙa da faifai. In ta kaɗa faifan a hankali, sai sanyin asuba ya tafi wata ƙasa. In ta fizga, sai guguwa ta tashi ta nufi wata. Ita ce Uwar Iskoki.

Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Mutum ba inuwa, ba takalmi, ba sallama. Me kake nema a masussukata?"

Ya yi sallama, ya ce, "Iya, 'yarki Iskar Gabas nake nema. Ana ƙararta a Birnin Saiwa."

"'Yata tana bakin aiki. Damina ce, hadari na jiran mai kora. Ba ta dawowa sai an yi kaka. In za ka jira, ga ƙaiƙayi nan ka riƙa kwashe mini. In kuwa kana da abin da ba ya jira, hanyar da ta kawo ka ba ta rufe ba."

Yana da abin da ba ya jira, ya kuma san da haka. Amma ya ɗauki kwando. Tsohuwa na ba shi fura da safe, tuwo da yamma, ƙafafunsa suka warke. In tunanin Tsahara ya taso masa sai ya ƙara himma a kan ƙaiƙayi, ya ce ai don ita yake wannan bauta. Abin takaici, barci yake yi har da minshari. Damina ta yi tsaka, ta gangara, hatsi ya nuna a duniyar mutane, Makau na nan yana kwasar ƙaiƙayi.

Ranar da Iskar Gabas ta dawo, dutsen ne ya fara rawa. Ta dira a gaban uwarta, mace ƙaƙƙarfa mai damatsa irin na 'yan kokawa, gashinta cike da ganye da yayi da fuka-fukan tsuntsaye. Ba ta iya magana a hankali ba. Duk abin da ta faɗa sai ya zaga duniya ya shiga kowane rami.

Ta ce, "Iya, wane ne wannan a masussuka?"

Makau ya zube ya ce, "Ranki ya daɗe, ni ne mai madacin Tungar Marke wanda kika kayar."

Sai fuskarta ta canza. Ta zauna daɓas, idanunta suka kawo ruwa. Ta ce, "Madacin kan iyaka? Kai, ka taɓo mini ciwo. Tun kakan kakanka bai zo duniya ba nake kokawa da shi. Kowace damina in zo masa da dukan ƙarfina, ya kama ni ya juya ni ya watsar, in wuce ina dariya. Ba ni da abokin karawa kamarsa tsakanin nan da bakin teku. Bana na zo, ban ma ɗaura ɗamara ba, kafaɗa kawai na goga masa ta gaisuwa, sai na ji ya tafi. Na kai hannu in tare shi, ina! Da na duba gindinsa na ga saran ƙarfe fari tas. Wani marar kunya ne ya yanke masa ƙafa kafin a shiga fage. Duk daminar nan kuka nake yi, mutane na cewa ruwa ya yi yawa."

Makau ya matso, ya rage murya har da ƙyar ake ji, ya kwashe labarin matarsa da rufin birni duka ya faɗa mata. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ki rufa mini asiri. Ni ne na sare shi, sharrin zuciya ne. Amma ke iska ce, wa ya isa ya ɗaure ki a ƙarƙashin rufi? Ki zo ki ce ke ce. Za su saki matata, ke kuma ki sulale ta kafar ƙofa, ba wanda ya yi asara."

Iskar Gabas ta miƙe tsaye. Ta ce, "Me ka ce? Kai ka sare saiwar? Kai da hannunka, kana sane da matarka na aje dashe a gindinsa? Kuma aka ce ka karɓe ta ka ƙi, ka zo nan ka share damina kana shan fura, yanzu kana so in ɗauki laifinka in yi ƙarya a gaban Sarkin Rufi?"

"A hankali, ranki ya daɗe, a hankali!"

"Ban san a hankali ba!"

Maganar ta gangara dutse, ta ratsa Filin Kututturai, ta haye Kogin Gara. Makau ya ji amsa-kuwwarta na tafiya yamma, ya san inda za ta tsaya. Uwar Iskoki ta ci gaba da sheƙarta, ta ce, "Kai shi gida, 'yata. Ya gama mini aiki."

Iska ta sure shi ta wuyan riga. Tafiyar da ta ci masa takalmi da gatari da inuwa, kafin ya gama salati an gama ta. Ta jefar da shi a ƙofar Birnin Saiwa, ta tofar da yawu, ta wuce.

Birnin ya canza. An kwashe laka, an sake gina unguwar da ta rushe, yara na wasa a lunguna. Da suka gan shi sai wasan ya tsaya. Manya suka dare masa hanya, ba zagi, ba jifa, kallo kawai. Ya ruga dandali yana tuntuɓe.

Ginshiƙi ya gani, sabo, kakkaura, mai ɓawo ja-ja. Hannayen sun zama rassa biyu, yatsun sun shige cikin rufi sun bazu. An share gindinsa an yayyafa ruwa, wata aljana ma ta rataye ɗanta a majanyi a jikinsa yana barci. A can sama, tsakanin rassan biyu, saura fuska kaɗai, ɓawo ya kai haɓa.

Makau ya yi kururuwa ya ce, "Ni ne! Ni na sare saiwar! Ku sauke ta, ni ne mai laifi!"

Gundumau ya fito da sandarsa ya ce, "Mun ji, ɗan Adam. Ba wanda bai ji ba."

Makau ya kama ginshiƙin ya hau, ƙirjinsa na gurzuwa, har ya sami wurin tsayawa daidai da fuskarta. Ya ɗaga hannayensa biyu ya manna su a rufi ya ce, "Na karɓa! Na ji na gani, na karɓa!"

Gundumau ya ce, "Me za ka karɓa? Ta yi saiwa sama da ƙasa. In muka cire ta yanzu, itace za mu cire, birni kuma ya sake rushewa. Doka ginshiƙi take nema, ta kuwa samu, irin wanda ba mu taɓa samu ba. Ba mu da sauran magana da kai. Ƙofa a buɗe take."

Wannan sallama ta fi masa kowane hukunci zafi. Ya juya ga matarsa yana kuka kamar yaro, ya ce, "Tsahara, ki yafe mini. Tsahara, ki yi magana."

Idanunta suka juyo a hankali. Muryarta ta fito da ƙyar, a bushe. Ta ce, "Saran da ka yi ban riƙe ka da shi ba. Na san abin da ke cin ranka game da Yaya, na daɗe da sani. Da ka hau nan ranar farko ka raɗa mini a kunne, wallahi da na ce ka koma gida, ni zan riƙe. Na saba da ɗaukar kaya."

Ta numfasa, ɓawo ya ɗan motsa a gefen bakinta.

"Amma ka bar ni ina yabonka. Duk wanda ya zo ba ni ruwa sai na ce masa mijina ya tafi kamo iska saboda ni. Matan nan har kishi suke yi da ni. Yaransu sun yi maka waƙa, kullum suna rera mini ita a nan gindina in nauyi ya ishe ni. Suna cikin rerawa yau maganar ta iso."

Ya ƙara danna tafukansa a rufin, yana nema ko da ɗan nauyi kaɗan ne ya sauko masa, ko na ƙwayar gero. Rufin bai san yana yi ba.

Tun ranar da aka kawo ta gidansa tana yarinya, Tsahara ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Yau ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Sauke hannunka, Makau. Kana ba ni kunya."

Ɓawo ya haɗe a kan bakinta, ya haye hanci, ya rufe idanun suna kallonsa.

Aljanar nan ta zo ta kwance ɗanta ta goya. Masu tallar gari suka ci gaba da talla, masu gini suka koma gininsu. Makau kuwa yana can sama, hannu a ɗage, yana riƙe da rufin da ba ya bukatarsa, kuma ba wanda ya sake ɗaga kai ya dube shi.